Keken Guragu a Ƙasar Adar

Wanda ya taɓa bin hanyar da ta tashi daga Madawa, ta haura Buza, ta gangara Keita, ya san ƙasar nan ba ta raga wa taya. Tudu ne mai tsakuwa da baƙin dutse, sai kwari mai rairayi, ga ƙayar aduwa da tsidau ko'ina. Duk keken guragun da aka kawo wa mutanen Adar da Maggiya, a wannan ƙasa zai ci jarrabawa ko ya faɗi.

A da, abin hawan gurgu gwiwarsa ce, ko jaki, ko bayan ɗan'uwa. Wanda shan-inna ta shanye wa ƙafafu tun yana yaro sai ya ɗaura tsumma ko guntun tsohuwar taya a gwiwa, ya zura hannuwa cikin silifa, ya ja jiki zuwa kasuwa. Ba a bar guragu kara zube ba: manyan garuruwan Hausa suna da sarkin guragu, kamar yadda ake da na makafi da na kutare, shi ke raba gardama ya kuma tsaya musu a fada. Sai dai taimakon bai wuce sadakar Juma'a da zakkar hatsi ba. Ana ciyar da mutum, ba a damu da yadda zai isa inda yake so ba.

Mishan ta SIM ta buɗe likitar Galmi a 1950, yamma da Madawa, sannan ta kutare a Danja kusa da Maraɗi a 1956. Keken da aka sani a irin waɗannan wurare na tura majinyaci ne, an ƙera shi don daɓen siminti, da ƙananan tayoyi biyu a gaba. Fitar da shi ƙofar gida, taku goma bai yi ba ya nutse cikin yashi.

Wannan aibi shi ya bi yawancin kyautar da ta riƙa fitowa daga ƙasashen Turawa. A 1994 ƙungiyar Joni and Friends ta fara tara tsofaffin kekuna a Amurka tana gyarawa, kuma Gana ta fara kai wa. A 2000 attajiri Ken Behring ya kafa Wheelchair Foundation mai rabo kwantena-kwantena. Shekara guda bayan haka injiniya Don Schoendorfer ya fito da nasa mai arha: farar kujerar roba, irin ta wurin biki, a kan tayoyin keke. An share wa dubban mutane hawaye, wannan ba a musu. Amma sau da yawa yaro ɗan shekara bakwai da ƙato mai faɗin ƙirji girma ɗaya ake ba su, kuma ranar da wani ƙarfe ya karye ba mai sayar da irinsa ko a Tawa. Ralf Hotchkiss, wanda shi kansa a keke yake, ya hango haka tun 1980, lokacin da ya fara aiki da nakasassun Nikaraguwa kan keken da maƙerin gari zai iya haɗawa da abin da ke kasuwarsa. An daɗe kafin a saurare shi. Sai bayan wani taro kan kekunan guragu da aka yi a Bangalor a 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojinta a 2008: a auna mutum, a daidaita masa keken, a koya masa hawa, a dawo a duba shi.

A shekarar 2008 ɗin Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin nakasassu, bayan dokar kare su da ta yi tun 1993. Takarda kam an rubuta.

Ni a ganina, abin da ya tayar da gurgun ƙasar Hausa daga ƙasa ya fito ne daga rumfar mai walda: keke mai ƙafa uku da ake murzawa da hannu. Bututun ƙarfe ne da sarƙa da tayoyin keken hawa, kayan da ke shigowa ta kan iyakar Najeriya kowace ranar kasuwa. In ya yi faci, mai facin bakin tasha ya iya da shi. A Kano, Aminu Ahmad Tudun Wada da 'yan ƙungiyarsa ta waɗanda shan-inna ta taɓa su ke ƙera shi da hannunsu. A Jos, Ayuba Gufwan ya fara nasa a 1999, yana raba su kyauta. Da akwati a baya, mai keken ya zama ɗan tireda, ko ya kai albasa kasuwa.

Shi ma yana da nasa aibin. Tsawonsa ba ya barinsa ya juya a zaure, ba ya shiga aji ko bayan gida, hawan tudun Buza kuwa sai an samu yaro mai turi. Matar da rayuwarta ke tsakar gida, tsakanin murhu da randa, kusan ba ta ƙaru da shi ba.

Masu bukatar ma suna canjawa. Bayan dakatar da rigakafin shan-inna a Kano a 2003 cutar ta sake bazuwa a ƙasashe maƙwabta, kuma yaro na ƙarshe da ƙwayar shan-inna ta asali ta kama a Nijar a jihar Tawa yake, a Nuwamban 2012. A 25 ga Agustan 2020 aka shelanta Afirka ta rabu da ita. Waɗanda ta riga ta taɓa suna nan, za su ci gaba da neman sarƙa da taya har tsufa. Amma sababbin da ake kwantarwa yau, ɗan kabu-kabu ne da ya karye a baya, da dattijon da ɓarin jikinsa ya shanye, da mai ciwon suga da aka yanke wa ƙafa. Mai hannu ɗaya ba zai murza keke mai ƙafa uku ba. Wanda lakarsa ta tsinke kuwa, in aka zaunar da shi kan katako babu matashi mai kyau, gyambon zama yana iya kashe shi tun keken bai yi faci na farko ba.