Ruwan magudana a gonakin Masar: Me ke sa manoma karɓarsa?

Ruwan magudana shi ne wanda ke tsiyayewa daga gona bayan an yi ban ruwa, ya bi ramuka da bututun ƙarƙashin ƙasa ya fice. A Masar ba a barin dukansa ya tafi teku a banza. Ana tara shi a sake shayar da shuka, musamman a yankin Delta, inda Kogin Nilu ke rarrabuwa kafin ya faɗa Bahar Rum.

Dalilin haka ƙarancin ruwa ne. Kason ƙasar daga Nilu mita kyubik biliyan 55.5 ne a shekara, bisa yarjejeniyar da ta ƙulla da Sudan a 1959. Kason yana nan yadda yake, alhali jama'ar ƙasar sun haura miliyan 100 tun 2020, kuma noma ne ke shanye mafi yawan ruwan.

Hanyoyin amfani da shi

Hanya ta farko ta gwamnati ce. Manyan injuna kan ɗebo ruwan magudana su gauraya shi da na kogi, don ƙarfin gishirinsa ya ragu. Haka ake yi a hanyar ruwa ta As-Salam, wadda ke ratsawa ta ƙarƙashin Mashigar Suez zuwa Sinai. A 2021 kuma aka buɗe matatar Bahrul Baƙar, mai iya tace mita kyubik miliyan 5.6 a kullum.

Hanya ta biyu ta manoma ce da kansu. Wanda ruwan kogi bai iso gonarsa ba yakan kafa ƙaramin injin dizal a bakin magudana, ya ja ruwan kai tsaye, ba gauraye ba tacewa.

Abin da manomi ke dubawa

Karɓar wannan ruwa ta fi dogara ga inda gonar mutum take. Wanda ke kusa da mafarin hanyar ruwa yana samun na kogi a kan kari, don haka ba ya waiwayar magudana. Na ƙarshen hanya, kamar manoman arewacin lardin Kafrus Shaikh, sau da yawa sai ruwa ya yanke kafin ya iso gare su, musamman lokacin zafi da shinkafa ke bukatarsa. A wurinsu zaɓi biyu ne: ruwan magudana ko asarar amfanin shekara.

Ruwan yana da nasa alheri. Yana samuwa lokacin da na kogi ya yi wuya, yana kuma ɗauke da ragowar takin da aka zuba a gonakin da ya baro.

Fargabar manoma iri biyu ce. Ta farko gishiri, wanda ke ƙaruwa duk lokacin da ruwan ya sake ratsa gona, har ya taru a ƙasa ya rage yabanya. Sha'ir da auduga suna jure masa, wake da yawancin kayan lambu kuwa ba sa jurewa. Ta biyu ƙazanta: wasu magudanu, irin su Kitchener, suna kwasar ruwan bayan gida na ƙauyuka da dagwalon masana'antu. Wannan yana barazana ga lafiyar mai shiga ruwan da mai cin ganyen da aka shayar da shi.

Saboda haka ingancin ruwan ne ke raba manomin da ya karɓe shi da yarda da wanda ya karɓe shi don tilas. Inda aka tace shi, aka hana zuba masa ƙazanta, manomi yakan ɗauke shi a matsayin ƙari a kan rabonsa na kogi.