Tabon Colorado: Yadda Haƙora Masu Launin Ƙasa Suka Nuna Hanyar Kare Kogo

A shekarar 1901 wani matashin likitan haƙori mai suna Frederick McKay ya buɗe asibitinsa a garin Colorado Springs na ƙasar Amurka. Bai daɗe da soma aiki ba ya lura cewa mutanen garin da yawa na ɗauke da tabo a haƙoransu, wani fari fat kamar alli, wani mai launin ƙasa, wani kuma har ya yi duhu kamar cakulan. Ya duba littattafan da ya karanta a makaranta, bai sami bayanin abin ba. Mutanen gari kuwa kowa da nasa fashin baƙi: wasu sun ɗora laifin kan yawan cin naman alade, wasu kan madara marar kyau, wasu kan ruwan sha.

A zamanin, ilimin ruɓewar haƙori bai daɗe da tsayawa da ƙafarsa ba. Tun a allunan yumɓu na tsohuwar Babila aka rubuta cewa wata tsutsa ce ke shiga haƙori tana ɓarza shi, kuma wannan zato ya yi tsawon rai ƙwarai, har yau ana jin batun tsutsar haƙori a bakin mutane. Likitan Faransa Pierre Fauchard ya yi shakkar zancen a littafinsa na 1728. Sai a 1890 wani Ba'amurke mai aiki a Berlin, Willoughby Miller, ya bayyana cewa ƙwayoyin bakteriya na cikin baki ne ke cin ragowar sukari da abinci mai sitaci, su fitar da asid, asid ɗin ya riƙa narkar da ɓawon haƙori sannu a hankali har ya zama kogo. Wannan ne ya sa matauna, wato haƙoran ciki da ake tauna da su, suka fi kamuwa: samansu na da ƙananan ramuka da tsage-tsage inda abinci ke maƙalewa, kuma na farkonsu na fitowa tun yaro na da shekara shida, lokacin da bai iya wanke baki da kyau ba.

Bisa wannan ilimi, duk wanda ya ga haƙora masu duhu zai ɗauka sun ruɓe. A 1909 McKay ya shawo kan G. V. Black, babban malamin haƙori na wancan zamani, ya zo Colorado ya gani da idonsa. Binciken da aka yi a makarantu ya nuna kusan kashi 90 cikin ɗari na yaran da aka haifa a garin na da tabon. Su biyun sun gano abubuwa biyu. Na farko, tabon na samuwa ne tun haƙori na ginuwa a cikin dasashi, don haka baligin da ya zo garin da haƙoransa cikakku ba ya kamuwa. Na biyu, kuma shi ne abin mamaki, waɗannan haƙora marasa kyan gani sun fi sauran jure wa ruɓewa. Black ya rasu a 1915, aka buga sakamakon aikinsu a shekarar da ta biyo.

McKay ya ci gaba shi kaɗai, zuciyarsa na kan ruwa. A 1923 ya je garin Oakley na jihar Idaho, inda iyaye suka shaida masa cewa tabon ya fara bayyana ne bayan an janyo wa garin ruwa daga wata maɓuɓɓuga mai ɗumi. Ya gwada ruwan bai ga komai ba, amma ya ba su shawarar su sauya maɓuɓɓuga. Suka sauya, kuma bayan 'yan shekaru yaran da suka taso suka fito da haƙora fes. Hujja ta samu cewa ruwa ne, sai dai ba a san me ke cikinsa ba.

Amsar ta fito daga garin Bauxite na jihar Arkansas, garin ma'aikatan kamfanin sarrafa sanholo na ALCOA, inda yara ke da irin wannan tabo. Shugaban masu binciken sinadarai na kamfanin, H. V. Churchill, ya ji tsoron kada a ce tukwanen sanholo ne ke jawo shi, sai ya sa aka gwada ruwan rijiyar garin da na'ura mafi inganci. A 1931 aka sami sinadarin fuloraid mai yawan gaske a ciki. Churchill ya rubuta wa McKay wasiƙa, aka tattaro ruwa daga sauran garuruwan da tabon ya addaba, ko'ina aka sami fuloraid. Shekara talatin ke nan da McKay ya fara tambayar.

Daga nan tambaya ta koma kan awo. Wani likitan hukumar lafiya ta Amurka, H. Trendley Dean, ya bi gari-gari yana auna fuloraid a ruwa yana ƙirga tabo da kogo a bakin yara. Bincikensa a garuruwa 21 ya nuna cewa idan fuloraid ya kai kimanin miligiram ɗaya a lita guda, kogo na raguwa sosai, tabo kuwa ba ya wuce ɗan fari-fari a bakin yara ƙalilan. Idan ya haura haka, tabon na ƙaruwa ba tare da wata ƙarin kariya ta a-zo-a-gani ba. Ranar 25 ga Janairu 1945 birnin Grand Rapids na jihar Michigan ya zama na farko a duniya da ya zuba fuloraid a ruwan famfo da gangan. An bi diddigin yara kusan 30,000, kuma bayan shekara 11 aka ba da rahoton cewa ruɓewar haƙori ta ragu da fiye da kashi 60 cikin ɗari a tsakanin waɗanda aka haifa bayan fara shirin. A tsakiyar shekarun 1950 man goge baki mai fuloraid ya shiga kasuwa, shi ne kuma ya kai sinadarin gidajen da ruwan famfo bai isa ba.

Matauna dai ba su sami cikakkiyar kariya ba. Fuloraid ya fi amfani a ɓangaren haƙori mai santsi. Ramukan saman matauni sun fi tsinin burushi ƙanƙanta. A 1955 Michael Buonocore ya nuna cewa idan aka ɗan kankare ɓawon haƙori da asid mai sauƙi, roba na manne masa gam. Daga wannan ne aka samar da siririn rufin da likitoci ke shafawa a kan mataunan yara don toshe ramukan tun kafin su ruɓe. Shi ya sa a yau likita ba ya ɗaukar na'urar haƙa don kawai ya ga ɗigo baƙi. Ɗigon na iya zama launin shayi ko goro da ya zauna a tsaga, ko ruɓewar da ta tsaya ta taurare, ko kogo mai ci gaba a ƙarƙashi, kuma dubawa da hoto ne ke bambanta su.

Batun awo bai mutu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar miligiram 1.5 a lita, Amurka ta rage nata ma'aunin zuwa 0.7 a 2015, kuma a 2025 jihohin Utah da Florida suka hana ƙara fuloraid a ruwa baki ɗaya. A wasu wurare matsalar ita ce ta Colorado ta asali, wato yawansa a ƙarƙashin ƙasa. A garin Tibiri na jihar Maraɗi, ruwan rijiyar burtsatse da aka fara sha a shekarun 1980 na ɗauke da fuloraid da ya ninka iyakar sau da yawa, ya ɓata haƙoran yara, ya kuma lanƙwasa ƙasusuwan ɗaruruwansu kafin a gane musabbabin. Gwajin da ya ɗauki McKay shekara talatin kafin ya samu, a yau ɗakin gwajin ruwa na yin sa cikin yini guda, muddin an tuna a kai masa ruwan kafin a buɗe wa jama'a famfo.