Daga zango Zuwa Zongo: Suna Gama-gari da Suna Yanke a Tarihin Fataucin Gwanja

1.0 Gabatarwa

A nahawun Hausa da na Ingilishi, suna gama-gari shi ne wanda abubuwa masu jinsi ɗaya suka yi tarayya a kansa, kamar gari ko sarki. Suna yanke kuwa ya keɓanta ga abu guda, kamar Yendi. Ƙa'idar rubutu ta ce a fara suna yanke da babban baƙi. Wannan takarda za ta nuna cewa kalma guda tana iya ƙaura daga wannan aji zuwa wancan, kuma tarihi ne yake yi mata jagora.

2.0 Zango a Hanyar Goro

A ƙarni na 19 ayarin fatake yakan tashi daga Kano ko Sakkwato, ya ƙetare Kwara, ya bi ta Sansanne Mango da Yendi, ya sauka Salaga ta ƙasar Gwanja domin sayen goro. Wata hanyar ta gangaro daga ƙasar Mosi ta Bawku. Duk inda madugu ya ce a sauke kaya a kwana, wurin zango ne. A nan kalmar gama-gari ce, tana da jam'i: zanguna.

Bayan Turawan Ingila sun ci Asante a 1874, cinikin goro a Salaga ya ja baya, sannan yaƙin basasar 1892 ya watsa mutanenta. Cikinsu akwai Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya koma Kete-Krachi, ya rasu a can a 1934. Baƙi suka zauna dindindin a garuruwan da suka sauka, masaukin kwana ɗaya ya zama unguwa mai sarki da limami. A farkon ƙarni na 20 Malam Baƙo ya kafa Sabon Zango a Ankara, babban birnin Gana a yau. Sifa da suna suka haɗu suka zama suna yanke, wanda ba ya tsufa ko da unguwar ta shekara ɗari. Ingilishin Gana ya ari kalmar a matsayin Zongo, har a 2017 gwamnati ta kafa asusun raya zanguna da wannan suna.

3.0 Sarauta da Suna

Pusiga, gabas da Bawku, ita ce wurin da ruwayar baka ta ce Naa Gbewaa, kakan sarakunan Mamprusi da Dagomba da Nanumba, ya zauna ya kuma ƙare rayuwarsa. Kalmar naa na nufin sarki, wato gama-gari ce, amma da ta jingina da Gbewaa sai ta shiga suna yanke. Haka Yaa Naa na Yendi da Bawku Naba. A Hausa ma ana rubuta "an naɗa sarkin zango a kowane gari" da ƙaramin baƙi, amma "Sarkin Zangon Yendi" da babba.

4.0 Kammalawa

Ajamin da Alhaji Umaru ya yi rubutu da shi ba shi da babban baƙi, duk da haka masu karatunsa ba su rikita sunan wuri da sunan jinsi ba. Ke nan babban baƙi alama ce kawai, ma'ana ce tushe. Kafin ɗalibi ya ɗora alƙalami, sai ya tambaya: kowane zango ake nufi, ko wani sananne guda? Idan na farko ne, ana fassara shi. Idan na biyu ne, ana barinsa yadda masu shi suke kiransa.