Agadas Da Baƙin Hunturu

A ƙasashen Turai, in hunturu ya shiga, dusar ƙanƙara takan rufe duwatsu fari fat. A lokacin ne masu hali sukan ɗauki hutu su tafi tsofaffin biranen kan dutse, irin Innsbruck ta ƙasar Ostiriya, su ɗaura wa ƙafafunsu waɗansu dogayen katako biyu masu santsi, su riƙe sanda a kowane hannu, su yi ta sulu daga bisa zuwa ƙasa. Mutumin Dingyaɗi ko Boɗinga ko Shagari, wanda iyakar sanyinsa na hunturu bai wuce jin wuta da asuba ba, zai zaci wannan abu ya yi masa nisa. Amma akwai wani tsohon birni a arewa da shi, tafiyar kusan mil 400 ta Ƙwanni da Tawa, inda aka taɓa yin irin wannan wasa, ba kuwa a kan ƙanƙara ba, a kan rairayi. Wannan birni shi ne Agadas.

Agadas tana bakin duwatsun Azbin ta kudu. Duwatsun nan dogaye ne ƙwarai, mafi tsawonsu, a Bagzan, ya kai mita 2,022, har ruwa yakan daskare a can da daren hunturu. Hausawa ba baƙi ba ne a wurin. Gobirawa sun ce daga Azbin kakanninsu suka gangaro kudu, kuma har yau da Hausa ake ciniki a kasuwar garin. Wajen 1449 Sarkin Azbin ya mai da Agadas mazauninsa, ayarin Tarabulus da na gishirin Bilma suka riƙa sauka, gari ya bunƙasa. Askiya Muhammadu na Songhai ya ci ta a 1515, kuma a zamanin nan ne aka gina masallacinta mai hasumiyar ƙasa, tsawonta mita 27. An sāke gina hasumiyar a 1844, ita ce fatake suke fara hangowa tun daga nesa.

Mutanen ƙasar Sakkwato suna da wani dalili na tunawa da garin. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, tun yana saurayi, ya bi malaminsa Malam Jibrilu ɗan Umaru har Agadas. Malam Jibrilu ya zarce Makka, shi kuwa Shehu ya komo gida, don bai sami iznin mahaifinsa na yin wannan doguwar tafiya ba. Daga baya, bayan jihadi, wasiƙu sun riƙa kai da kawowa tsakanin Sarkin Agadas da Muhammadu Bello.

Sai dai gari wanda abincinsa yake a hannun matafiya, ranar da hanya ta mutu shi ma sai ya kwanta. Da Baturen Jamus ɗin nan Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya iso a 1850, ya tarar da kangaye da yawa, ya ƙiyasta mutanen da suka rage ba su wuce 7,000 ba. Mafi muni kuma ya zo a yaƙin Kawusan. Daga Disamba 1916 zuwa Maris 1917 Abzinawa suka kewaye barikin Faransawa, Sarki Tagama yana goyon bayansu. Da gudummawa ta iso daga Damagaram, Faransawa suka karkashe mutane da yawa, har da malamai, gari ya kusa zama kufai.

Abin mamaki, jikokin waɗannan Faransawa su ne suka zama sabon ayarin Agadas. Tseren motoci na Faris zuwa Dakar, wanda aka fara a ƙarshen 1978, ya bi ta garin, hotunan hamada suka watsu a Turai. Wani Ba'azbine mai ilmin boko, Mano Dayak, ya kafa kamfanin kai baƙi yawo cikin Sahara. Daga nan duk shekara, tsakanin Nuwamba da Fabrairu, lokacin da rana take sassautawa, sai jirage su riƙa sauke Turawa masu gudun sanyin ƙasarsu. Sukan hau hasumiya, su leƙa gidan da Barth ya sauka, su sayi kayan azurfa wurin maƙera, sa'an nan su shiga mota ko su hau raƙuma zuwa lambunan Timiya da manyan tuddan rairayi na Temet. Har wani mutumin garin ya buɗe kanti yana ba da hayar katakon sulu, irin wanda Turawa suka zo da shi suka bari, don mai sha'awa ya gangaro daga kan tudu kamar yana kan dutsen ƙasarsu. Direba da kuku da mai raƙumi da maƙeri, kowa yakan tara a wata huɗun nan abin da zai ci shekara.

Wannan arziki bai daɗe ba. Tawayen Abzinawa na 1990 zuwa 1995 ya kori baƙi, Mano Dayak kansa ya zama ɗaya daga cikin shugabanninsa, ya rasu a haɗarin jirgin sama a Disamba 1995. Da sunansa ake kiran filin jirgin garin. Baƙi sun fara komowa, sai wani tawaye ya tashi daga 2007 zuwa 2009, aka kuma sace ma'aikatan haƙar yuraniyom a Arlit a Satumba 2010. Gwamnatocin Turai suka gargaɗi mutanensu da su guji yankin. Direbobi da yawa suka koma ɗaukar 'yan ci-rani zuwa Libiya, sana'ar da dokar 2015 ta hana, aka kuma soke dokar a 2023.

A 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon birnin Agadas cikin wuraren tarihi na duniya. Girmamawar ta zo a lokacin da masaukan baƙi suka riga suka zama wayam, katakon sulun nan kuwa yana jingine a bangon kanti, ƙura ta rufe shi.