Ranar da Wasan Sada Zumunci Ya Fi Wasan Kofi 'Yan Kallo

A ranar Asabar 29 ga Agustan 2020 an buga wasanni biyu a Ingila waɗanda suka tashi kunnen doki, ɗaya da ɗaya. Ɗaya a Wembley aka yi shi, tsakanin Arsenal da Liverpool, wasan Community Shield da ake buɗe kaka da shi. Arsenal ce ta ɗauki garkuwar a bugun fenariti, a filin da ke ɗaukar mutum 90,000 amma babu ɗan kallo ko guda a cikinsa. Ɗayan kuwa a garin Brighton da ke gaɓar teku aka buga shi, wasan sada zumunci ne tsakanin ƙungiyar garin da Chelsea, babu maki babu kofi. Timo Werner, wanda bai daɗe da zuwa daga Leipzig ba, ya ci wa Chelsea a mintunan farko, Pascal Gross ya farke da fenariti dab da tashi. A wannan wasan ne aka bar mutane kusan 2,500 suka shiga, kuma shi ne karo na farko tun watan Maris da 'yan kallo suka zauna a filin wata ƙungiyar Firimiya.

A al'ada wasan kofi ake cika fili dominsa, wasan share fage kuma a bar wa yara da waɗanda ba su da kuɗin tikitin gasa. Abin da ya juya wannan tsari a waccan shekarar yana cikin tarihin shi kansa wasan share fagen, da kuma irin tsoron da annobar korona ta dasa wa hukumomi game da taron ƙwallo.

Wasan share fage ya faro ne a matsayin atisaye. A farkon ƙarni na ashirin ƙungiyoyin Ingila kan raba 'yan wasansu gida biyu a watan Agusta, manya da masu jiran gado, su kara a gaban jama'a, a ba da kuɗin ƙofa ga ayyukan jinƙai. Daga baya aka shiga ziyartar ƙananan ƙungiyoyin maƙwabta, sannan tafiye-tafiye zuwa ƙetare. Da kuɗin talabijin ya mamaye ƙwallo, sai watan Yuli ya koma kasuwa. A 2013 aka ƙirƙiro gasar International Champions Cup, wadda ke kai manyan ƙungiyoyin Turai Amurka da Asiya, kuma a ranar 2 ga Agustan 2014 mutum 109,318 suka kalli Manchester United da Real Madrid a filin Jami'ar Michigan. A bazarar 2019, shekara guda kafin annoba, United ta buga a Perth da Singapore da Shanghai cikin makonni kaɗan. Masu horarwa sun sha ƙorafin cewa wannan yawo yana gajiyar da 'yan wasa fiye da yadda yake shirya su, amma masu riƙe da baitulmalin ƙungiyoyi ba su taɓa ɗaukar ƙorafin da muhimmanci ba.

Wannan kasuwa ce ta fara rushewa. Tun a watan Afrilun 2020 aka soke gasar International Champions Cup ta shekarar, domin jiragen sama sun tsaya, iyakoki a rufe, ba kuma wanda ya san ranar da za a ƙare kakar da ake ciki balle a yi maganar mai zuwa.

Tsoron taron ƙwallo kuwa yana da tushe. A ranar 19 ga Fabrairun 2020 Atalanta ta karɓi baƙuncin Valencia a Gasar Zakarun Turai, a filin San Siro na Milan, inda mutanen Bergamo kusan 40,000 suka yi tattaki suka ga ƙungiyarsu ta ci huɗu da ɗaya. Makonni kaɗan bayan haka Bergamo ta zama garin da cutar ta fi yi wa ɓarna a Italiya, kuma likitoci da hukumomin garin sun ambaci wasan cikin abubuwan da suka hanzarta yaɗuwarta. A ranar 11 ga Maris, ranar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar da ta game duniya, Liverpool ta kara da Atletico Madrid a Anfield cike da jama'a. Cikinsu akwai baƙi kusan 3,000 daga Madrid, alhali a ƙasarsu an riga an ba da umarnin buga wasannin gasa ba 'yan kallo. Washegari aka tabbatar mai horar da Arsenal, Mikel Arteta, ya kamu, ranar 13 ga wata kuma aka dakatar da Firimiya. Daga nan duk jami'in da za a kawo wa takardar buɗe fili sai ya tuna da waɗannan wasanni biyu kafin ya sa hannu.

Ƙwallo ta dawo, amma ba tare da mutanenta ba. Jamus ta fara ranar 16 ga Mayu, Ingila ta bi ranar 17 ga Yuni, aka lulluɓe kujeru da ƙyallaye, gidajen talabijin suka riƙa saka sautin ihun 'yan kallo da aka naɗa a baya. Wanda ya kalli wasannin lokacin ba tare da wannan sauti ba zai tuna yadda ake jin muryar mai horarwa da ƙarar takalmi a kan ƙwallo, kamar atisayen safe.

Faransa ta riga Ingila gwada buɗe ƙofa, kuma da wasan sada zumunci ta gwada. Ita tun ƙarshen Afrilu ta soke gasarta ta ba Paris Saint-Germain kambu, saboda haka 'yan wasan sun yi wata huɗu ba su taka leda ba, ga wasannin ƙarshe na kofunan cikin gida da na Zakarun Turai suna jiran su. Ranar 12 ga Yuli PSG ta je Le Havre, ƙungiyar rukuni na biyu, ta zura mata ƙwallo tara ba ko ɗaya a gaban kimanin mutum 5,000, iyakar adadin da gwamnati ta yarda a tara a wuri guda. Birtaniya ma da ta tashi nata gwajin, da wasan sada zumunci ta soma, sai dai na kurket ne, tsakanin Surrey da Middlesex a filin Oval na Landan a ƙarshen Yuli, da 'yan kallo 1,000. Ranar 31 ga watan Firaminista Boris Johnson ya dakatar da gwaje-gwajen saboda masu kamuwa sun ƙaru, ba a ci gaba ba sai tsakiyar Agusta. Wasan Brighton ya zo ne a wannan zagaye na biyu.

Ba a rasa dalilin da ya sa aka zaɓi irin wannan wasa ba. Idan aka soke shi da safiyar ranar, babu teburin gasa da zai rikice, babu gidan talabijin da zai nemi a mayar masa da kuɗi masu yawa. Babu ƙungiyar da za ta ce an fifita abokiyar hamayyarta da magoya baya alhali ita tana buga nata wasan a kango. Ba a bukatar ba wa baƙi tikiti, don haka ba za a cika jiragen ƙasa da mutanen wani gari ba. Akwai kuma wani dalili da ba a cika faɗa a fili ba: mutum ba ya rungumar wanda bai sani ba saboda ƙwallon da aka ci a wasan da babu maki. Rashin muhimmancin da ake raina wasan share fage da shi ne ya sa ya dace da aikin.

A Brighton magoya bayan gida kaɗai aka sayar wa tikiti. An bukaci sanya takunkumi yayin shiga da zirga-zirga, an kuma warwatsa mutane a filin da ke ɗaukar sama da 30,000, da kujeru babu kowa tsakanin wannan da wancan. Ƙungiyar da hukumomi sun bayyana cewa komai ya tafi daidai. Chelsea ce kawai ta koma da abin takaici, domin sabon ɗan wasanta Hakim Ziyech ya ji rauni a gwiwa, ya rasa makonnin farko na kaka.

Sai dai gwajin yana da iyaka, kuma nan ne raunin hujjar masu cewa an tabbatar fili ba shi da haɗari. Abin da Brighton ta nuna shi ne ana iya zaunar da mutum 2,500 cikin tsari a sararin da iska ke kaɗawa. Bai nuna abin da zai faru a tashar jirgin ƙasa ba, ko a mashayar da ke kusa da fili, ko a ƙofar fita idan mutum dubu talatin suka tashi lokaci guda. Gwamnati ta tsara mayar da 'yan kallo daga 1 ga Oktoba, har ranar 19 ga Satumba aka bar mutum 1,000 a wasu wasannin ƙananan rukunai. Kwana uku bayan haka, ranar 22 ga wata, Johnson ya sanar da dakatar da shirin, ya kuma ce sababbin matakan za su iya kai wata shida. Murna ta koma ciki. Abin da ya ƙara fusata magoya baya shi ne a cikin makon ne aka buga UEFA Super Cup a Budapest, Bayern Munich da Sevilla, gaban kimanin mutum 15,000, sannan a Ingila kanta an bar gidajen sinima suna nuna wasannin Firimiya a ɗaki rufaffe yayin da filayen suke kulle.

Manyan ƙungiyoyi sun yi asara, amma suna da kuɗin talabijin da za su jingina da shi. Ƙananan ne suka ji a jikinsu, domin a rukuni na uku da na huɗu da abin da ke ƙasa da su, kuɗin ƙofa da na abincin da ake sayarwa ranar wasa su ne ginshiƙin albashi. Ga irin waɗannan ƙungiyoyi, ziyarar babbar maƙwabciya a watan Yuli na iya zama ranar da ta fi kowace kawo kuɗi a shekara, kuma a 2020 yawancin waɗannan wasanni a filayen atisaye aka yi su, ƙofa a garƙame. Dokar ma ta zo da wani abin mamaki. Daga 22 ga Agusta an yarda ƙungiyoyin rukuni na bakwai zuwa ƙasa su shigar da 'yan kallo kaɗan, amma na rukuni na biyar da na shida an lissafa su cikin ƙwararru, sai aka hana su. Ƙungiyar ƙauye tana karɓar kuɗin tikiti, wadda ta ɗara ta da mataki ɗaya, mai biyan albashi mafi nauyi, tana zaune hannu rabbana. Macclesfield Town, wadda bashi ya riga ya yi wa katutu tun kafin annoba, kotu ta rushe ta a tsakiyar Satumba. Sai a Disamba aka cim ma yarjejeniyar tallafin fam miliyan 250 da Firimiya, miliyan 50 ga rukuni na uku da na huɗu, sauran kuma rance ga rukuni na biyu.

A farkon Disambar aka sake buɗe ƙofa ga mutum 2,000 a wasu yankuna, kafin kullen Janairun 2021 ya rufe ko'ina. Da gwaji ya dawo a bazara, hukumomi sun koma yin sa da wasanni masu nauyi, tare da sharaɗin gwajin cutar kafin shiga. Mutum 4,000 ne suka ga Kelechi Iheanacho ya ci ƙwallon da ta kai Leicester wasan ƙarshe na Kofin FA ranar 18 ga Afrilu, kimanin 20,000 kuma suka ga ta doke Chelsea ranar 15 ga Mayu. Wasan ƙarshe na gasar ƙasashen Turai a Wembley, ranar 11 ga Yuli, ya tara sama da 60,000, ranar 19 ga wata kuma aka ɗage dokar ƙayyade adadi a Ingila.

Lokacin share fagen 2021 ya zo da matsalar a juye. Yanzu 'yan kallo suna da izinin shiga, 'yan wasa ne ba su da tabbas. Arsenal ta fasa tafiya Florida bayan an samu masu ɗauke da cutar a tawagarta, Inter Milan ma ta janye daga gasar. Chelsea ta soke wasanta da Drogheda United a Ireland saboda zargin kamuwar wani a sansaninta, Manchester United kuma ta soke nata da Preston North End na ranar 31 ga Yuli, daga baya gwaji na biyu ya nuna babu cutar. Da tafiya ƙetare ta gagara, sai manyan ƙungiyoyin Landan suka koma ga tsohuwar al'ada: Arsenal da Chelsea da Tottenham suka kara da juna a farkon Agusta a filayensu, aka ba da wani kaso na kuɗin ga ƙungiyar agaji ta Mind, mai kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, kusan yadda ake yi shekara ɗari da suka wuce.

Ranar 13 ga Agustan 2021 aka buɗe sabuwar kaka, Brentford ta doke Arsenal biyu da nema a fili cike maƙil. A Yulin 2022 kuma Manchester United da Liverpool suka kara a Bangkok, Chelsea da Arsenal suka haɗu a Orlando.