Zaɓen Masaukin Intanet Domin Rajistar Abokan Hulɗar Ƙungiya

Gabatarwa

Ƙungiyoyin manoma da na mata, da ofisoshin ƙananan hukumomi, sun daɗe suna rubuta sunayen mutanen da suke hulɗa da su a littafin rajista. A yau wasu sun koma amfani da manhajar kwamfuta wadda ke adana suna, lambar waya, gunduma, da abin da ya gudana tsakanin mutum da ƙungiya, kamar biyan kuɗin wata ko rabon taki. Domin ma'aikata su iya buɗe rajistar daga ko'ina, akan ajiye ta a kan babbar kwamfuta mai aiki dare da rana, wadda ake kira saba. Kamfanin da ke ba da hayar wuri a kanta shi muke kira mai masauki.

Ire-iren masauki

Na farko shi ne masaukin haɗaka, inda masu haya da yawa ke raba saba guda kamar gidan haya. Ya fi araha, amma yakan yi nauyi, kuma akan ƙayyade yawan saƙonnin imel da za a aika cikin sa'a guda. Na biyu shi ne keɓaɓɓen sashe, wanda ake kira VPS. Yana ba da cikakken iko, sai dai yana buƙatar ƙwararren ma'aikaci mai kula da tsaronsa. Na uku kuwa, kamfanin manhajar ne ke riƙe komai, ana biyansa duk wata, galibi da dalar Amurka.

Abin da doka ta tanada

Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta shekarar 2023 ta ɗora wa duk ƙungiyar da ke tattara bayanan jama'a alhakin kare su, ko da a wurin wani kamfani ta ajiye su. Har ila yau, ƙa'idojin hukumar NITDA na shekarar 2013 sun buƙaci a ajiye bayanan gwamnati a cikin Najeriya. Saboda haka wajibi ne jami'an ƙananan hukumomi su san ƙasar da sabar take kafin a sa hannu a yarjejeniya.

Tambayoyin da za a yi wa mai masauki

1. Shin sabar za ta ɗauki manhajar? Alal misali, CiviCRM tana buƙatar PHP da rumbun bayanai irin MySQL.
2. Tsawon wane lokaci sabar ke tsayawa? Alkawarin aiki kashi 99.9 cikin 100 na nufin tsayawar kusan sa'o'i 9 a shekara. Kashi 99 kuwa ya haura kwana 3 da rabi.
3. Sau nawa ake kwafe bayanai, kuma a ina ake ajiye kwafin? A watan Maris na 2021 gobara ta cinye wata cibiyar kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa, kuma wasu da kwafinsu ke wuri guda da asalin sun rasa komai.
4. Idan ƙungiya ta so tashi, za a miƙa mata bayananta cikakku?

Shawararmu

Muna jan hankalin shugabanni da su buɗe asusun masauki da sunan ƙungiya, ba da sunan ma'aikacin da ya haɗa shi ba, domin ma'aikaci yakan sauya wurin aiki. Kalmar sirri ta kasance a hannun jami'ai biyu, a rubuta ranar sabunta haya a kundin ofis, kuma a riƙa sauke kwafin rajistar duk mako ana adanawa a wani wuri dabam. Araha ba ta ado. Bayanan jama'a amana ce, kuma ƙungiyar da ta karɓe su ita za a tambaya.