Jiniyar Kamfani da Ƙararrawar Makaranta: Waiwaye Kan Ilmi da Masana'antun Kano

Da kwamitin wannan mujalla tamu ya nemi in rubuta wani abu na tarihi, sai na tuna da wata rana muna aji biyar, da malaminmu na kemistiri ya ɗebe mu a motar makaranta ya kai mu ziyara wani kamfanin jima a Chalawa. 'Yan ajinmu ba za su manta da warin wurin ba, da manyan gangunan nan masu juya fata dare da rana. A hanyar dawowa Malam ya tambaye mu abin da muka lura da shi. Kowa ya faɗi nasa, har ya gaji ya ba mu amsa da kansa: masu ɗaukar fata da masu shanya duk 'yan gida ne, amma mai auna sinadari da mai gyaran inji daga nesa aka ɗauko su. Ya ce dalilin da ya sa gwamnati take ciyar da mu tana koya mana kimiyya ke nan. A lokacin mun ɗauka faɗa ne irin na malamai. Sai da na fara aikin gwamnati na gane tarihi ne ya taƙaita mana.

Mafarin al'amarin

Jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, ya buɗe cinikin gyaɗa wanda ya ɗaukaka attajirai irin su Alhaji Alhassan Ɗantata. Shekaru biyu kafin haka, watau cikin 1909, Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nassarawa. Ke nan boko da cinikin zamani kusan tare suka shigo garin nan, amma kowa da hanyarsa. Makarantar Midil ta Kano, wadda aka kafa cikin 1927 ta zama Kwalejin Rumfa daga baya, aikinta shi ne samar wa En'e malaman ofis da malaman makaranta. Ba a yi ta don masana'anta ba, domin a lokacin babu masana'antar.

A zamanin Sarki Abdullahi Bayero, da kuɗin baitulmalin En'e, aka jawo ruwan famfo daga kogin Chalawa aka kuma kawo wutar lantarki. Ruwa da wuta da layin dogo su ne suka sa Bompai ta zama unguwar masana'antu ta farko tun kafin samun mulkin kai. Can aka fara matsar man gyaɗa, daga baya aka sami masaƙu, da masu yin alewa, da kwanonin tangaran na ƙarfe, da kamfanin niƙa alkama, da na harhaɗa kekunan Raleigh. Yawancin masu jarin baƙi ne, Turawa da Kwarori, ƙwararrun ma'aikata kuwa akasari 'yan Kudu ne.

Rikicin 1966 da yaƙin basasar da ya biyo baya su suka tona asiri. Da dubban 'yan Kudu suka koma gida, sai aka waiwaya aka ga babu isassun makanikai da masu aikin lantarki da akawu na gida da za su maye gurbinsu. A cikin wannan hali aka ƙirƙiro Jihar Kano ran 27 ga Mayu, 1967, aka naɗa Kwamishinan 'Yan Sanda Audu Bako gwamna.

Shekarun yalwa

Shekarun 1970 shekarun kuɗin mai ne. Dokar mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa ta 1972, da wadda ta ƙarfafa ta cikin 1977, sun ba attajiran Kano damar sayen hannun jari da kafa nasu kamfanonin. Bompai ta cika, aka yanka filaye a Sharaɗa kashi-kashi har uku, sa'an nan aka nausa Chalawa wajen Panshekara, inda majemu na zamani suka fi yawa saboda kusancin ruwa. Iyayenmu da suka yi aiki a wuraren nan suna ba da labarin yadda jiniya take kaɗawa a canza ma'aikata sau uku a yini, kekuna su cika titi har mota ta rasa wurin bi.

To, amma wa zai riƙe injunan? Gwamnatin Tarayya ta kafa Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, watau ITF, cikin 1971, wanda daga bisani ya fito da shirin tura ɗaliban manyan makarantu koyon aiki a kamfanoni. Cikin Satumba 1976 aka ƙaddamar da shirin UPE na ilmin firamare kyauta. Ita kuwa Jihar Kano, a zamanin Kanar Sani Bello, lokacin da Dokta Ibrahim Ayagi yake cikin kwamishinoni, ta yi wani abu da babu jihar da ta riga ta: cikin 1977 ta kafa hukuma ta musamman mai kula da makarantun sakandare na kimiyya, aka fara da Dawakin Kudu da Dawakin Tofa.

Ya kamata mu tsaya a nan kaɗan, domin a nan darasin yake. Abin da ya bambanta waɗannan makarantu ba gine-gine ba ne. An cire su daga ƙarƙashin Ma'aikatar Ilmi kai tsaye, aka ba hukumarsu ikon ɗaukar malamanta da kashe kuɗinta ba tare da fayil ya yi wata uku yana yawo ba. Ana zaɓen ɗalibai ta hanyar jarrabawa daga sauran makarantun jihar, ɗan talaka da ɗan sarauta duk ma'auni ɗaya. An yi suka a lokacin, ana cewa an fifita 'yan kaɗan a kan masu yawa, kuma sukar tana da ƙamshin gaskiya. Duk da haka, a yau in ka shiga Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano, ko Ma'aikatar Ayyuka, da wuya ka fita ba ka gamu da likita ko injiniya da ya fito daga ɗayan Dawakin nan biyu ba. Daga baya aka buɗe ta 'yan mata a Taura, aka kuma haɗa wa hukumar makarantun koyon sana'a. Gwamnatin Alhaji Abubakar Rimi ta ƙara da Hukumar Yaƙi da Jahilci cikin 1980, wadda ta sami lambar yabo ta UNESCO cikin 1983.

Sai dai akwai gibin da ba a cike ba. Makarantun kimiyya sun samar wa gwamnati likitoci da injiniyoyi, amma matsakaitan ma'aikata, watau masu walda da masu gyaran inji da masu awo a ɗakin gwaji, waɗanda su ne ƙashin bayan masana'anta, ba su sami irin wannan gata ba. Iyaye da ɗalibai suna ɗaukar makarantar koyon sana'a wurin wanda ya kasa. Tsarin 6-3-3-4 da aka fara aiki da shi cikin 1982 ya zo da niyyar gyara wannan, aka sayo injunan koyar da fasaha daga ƙasashen Gabashin Turai aka rarraba wa makarantu. A wurare da yawa babu wuta, babu ɗakin aiki, babu malamin da ya san kan injin, sai suka ruɓe a cikin akwatunansu. Mu ma mun tarar da ragowar irinsu a bayan ɗakin ajiya, muna zama a kai muna cin gyaɗa.

Jami'a da shugabanninta

Jami'ar Bayero ta samo asali ne cikin 1960 a harabar Makarantar Koyon Larabci, ta zama Kwalejin Abdullahi Bayero a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello cikin 1962, ta kuma tsaya da ƙafarta cikin 1977. Da Larabci da addinin Musulunci da fannonin adabi ta fara, kimiyya da fasaha daga baya suka zo. Shugabanta na farko, Dokta Mahmud Tukur, ya zaɓi ya ajiye aiki da gwamnatin soja ta nemi ta mayar da shi Jami'ar Legas ba da shawararsa ba. Farfesa Ibrahim Umar, masanin fiziks, shi ya riƙe ta daga 1979 zuwa 1986, shekarun da yaran farko na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa suka fara shiga jami'o'i. Na kawo waɗannan sunaye ne don a ga cewa shugabancin jami'a a wancan zamani abu ne mai nauyi, wanda mutum yake iya barinsa don kare mutuncin kujerar.

Da rana ta juya

Farashin mai ya faɗi, gwamnatin Shagari ta kawo dokar tsuke bakin aljihu cikin 1982. Cikin 1986 gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin SAP, aka karya darajar naira. Naira da take kusan kai ɗaya da dalar Amurka, cikin 1993 sai da naira 22 ake samun dala ɗaya a farashin gwamnati. Masana'antun Kano da sinadarai da kayan gyaran inji na waje suke aiki, makarantun kimiyya su ma da sinadarai da littattafai na waje suke koyarwa. Sanda ɗaya ce ta doki duka biyun. Malamai 'yan ƙasashen waje da suke koyar da lissafi da kimiyya suka tattara suka tafi, domin albashinsu ya daina kai su ko'ina. A shekarun nan ne attajirai, bisa jagorancin marigayi Alhaji Aminu Ɗantata, suka tara kuɗi aka kafa Gidauniyar Jihar Kano don tallafa wa ilmi da ƙananan sana'o'i.

Wata dabarar kuma daga Kano ta sami jagora. Dokta Attahiru Jega, malamin kimiyyar siyasa a Jami'ar Bayero, shi ne shugaban ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU daga 1988 zuwa 1994. Yarjejeniyar da ƙungiyar ta ƙulla da gwamnati cikin Satumba 1992, bayan dogon yajin aiki, ita ta haifi Doka ta 7 ta 1993, wadda ta ɗora wa kamfanoni harajin kashi 2 cikin ɗari na ribarsu don ilmi. Wannan shi ne karon farko da doka ta ɗaure ribar kamfani da kuɗin makaranta a ƙasar nan. Abin takaici, ta zo daidai lokacin da masana'antunmu suka fara durƙushewa. Rashin wuta, da tsadar baƙin mai, da fasa-ƙwauri suka haɗu a kansu. Da aka kawar da ƙayyade cinikin tufafi na duniya a farkon 2005, atamfar Sin ta cika Kantin Kwari, masaƙu suka yi ta rufewa. Mahaifina yana cikin waɗanda aka sallama a shekarun nan, kuma na san ba ni kaɗai ba ne a ajinmu da kuɗin jarrabawar fita ya zama masa abin kwana da tunani. Da na je neman gurbin koyon aiki ina jami'a, na bi ƙofofi da takardata a Sharaɗa, wasu na tarar sun zama rumbunan ajiye kayan waje, maigadi kaɗai ya rage.

Inda babbar sakandare ta tsaya

Ga wani abu da ya kamata kowane ɗan wannan ƙungiya ya sani. Da farko harajin ilmi na 1993 ana raba shi ne tsakanin firamare da sakandare da manyan makarantu. Cikin 2004 aka yi dokar UBE, wadda ta keɓe kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar Tarayya don firamare da ƙaramar sakandare. Cikin 2011 aka mayar da asusun harajin ilmi ya zama TETFund, na manyan makarantu kaɗai. Ta haka babbar sakandare, inda ake koyon fiziks da kemistiri da aikin hannu, ta faɗa tsakiya, ta dogara ga abin da jiha ta iya ba ta.

Jihar kuwa ba ta zauna ba. An kafa Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Wudil cikin 2001, da Jami'ar Northwest cikin 2012, an tura ɗaruruwan ɗalibai karatu waje. Cikin 2019 aka ayyana ilmi kyauta kuma dole, cikin Yuni 2024 aka kafa dokar ta-ɓaci a kan ilmi. Amma a matsayina na ma'aikaci zan gaya wa 'yan'uwa cewa adadin da aka rubuta a kasafi daban, abin da aka saki daban, abin da ya isa ɗakin gwaji kuma daban. Gini yana da ranar buɗewa da yanka kirtani, sinadari da iskar gas da albashin mai kula da ɗakin gwaji kuwa ba su da biki, shi ya sa su ake fara mantawa.

Abin da ya rage mana

Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, amma ba don kuka na kawo wannan tarihi ba. Har yanzu akwai kamfanonin jima da na robobi da na abinci da na casar shinkafa da suke aiki a Kano, kuma suna bukatar hannun da ya ƙware. Shawarata uku ce. Ta farko, kuɗin da muke tarawa kowace shekara mu rage kashe shi a kan fenti da ƙofar shiga, mu ɗauki nauyin kayan ɗakin gwaji da na ɗakin aikin hannu na zango-zango. Ta biyu, 'yan'uwanmu da suke aiki a kamfanonin Bompai da Sharaɗa da Chalawa su nema wa ƙannenmu izinin ziyara da gurbin koyon aiki lokacin dogon hutu. Ta uku, mu da muke cikin gwamnati da jami'o'i mu kafa ƙaramin kwamiti da zai riƙa duba abin da aka ware wa makarantarmu a kasafi, ya bi sawunsa cikin ladabi har ya iso. Ina roƙon a sa waɗannan a ajandar babban taronmu mai zuwa.

Malamanmu da suke raye, Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara lafiya. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, malamai da ɗalibai, Allah ya jiƙansu da rahama, amin.